Tasirin Annobar Korona a Kan Horar da Likitocin Hoto a Amurka

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan annoba ta sauka a ƙasa, ɓarnarta ba ta tsayawa a jikin jama'a. Takan taɓa kasuwa da makaranta da wurin ibada, har ta kai ga hanyar da sana'a ke bi ta tashi daga hannun gwani ta koma hannun magajinsa. Wannan ɓarna ta ƙarshe ba a cika lura da ita da wuri ba, domin ba a ƙirga ta da yawan mamata ko gadajen asibiti. Sai bayan shekaru takan fito fili, ranar da aka nemi ƙwararre aka tarar da wanda bai gama nuna ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda annobar korona, watau cutar COVID-19 da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, ta shafi horar da wani rukuni na likitoci masu neman ƙwarewa. Fanninsu shi ne rediyoloji, watau ilmin ɗaukar hoton cikin jikin mutum da fassara abin da hoton ya nuna. Duk wanda aka taɓa ce masa a asibiti ya je ya yi hoton ƙirji ko sikanin, to, ya bi ta hannun ma'abota wannan fanni, ko da bai sadu da su ido da ido ba. A nan za a riƙa kiran gwanin fannin "likitan hoto" ko "malami", ƙaramin likitan da ke koyo a ƙarƙashinsa kuwa "ɗalibi".

An zaɓi Amurka don ta zama misali saboda ƙa'idojin horonta a rubuce suke da alƙaluma, don haka ana iya auna abin da aka rasa. Abin da za a nuna shi ne, koyon wannan fanni ya dogara ne kan abu biyu: yawan hotunan da ɗalibi ya gani, da zamansa kusa da malami. Waɗannan biyun kuwa su annoba ta fara kai wa farmaki.

2.0 Yadda Ake Horar da Likitan Hoto

Rediyoloji ya samo asali ne daga ranar 8 ga Nuwamba, 1895, sa'ad da wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa tsoka ya fito da inuwar ƙashi. Wannan shi ne hoton eksire. Daga baya aka sami ƙarin na'urori. Akwai sikanin, mai aiki da amon sauti. Akwai siti-sikan, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira, aka fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971, shi kuwa yana nuna jiki ne yanka-yanka kamar an tsittsinka burodi. Akwai kuma em-ar-ai, mai aiki da ƙarfin maganaɗisu. Ya kamata a lura cewa ma'aikacin da ke sarrafa na'ura ya ɗauki hoto daban yake da likitan da ke karanta hoton ya rubuta bayani. A kan na biyun ake magana.

A Amurka, wanda ya gama makarantar likitanci yakan yi shekara 1 yana aikin asibiti na gama-gari, sa'an nan ya yi shekara 4 a sashen hoto. Shekarar horo takan fara ne ranar 1 ga Yuli. Ɗalibi yana zagaya sassa, galibi mako huɗu a kowane: ƙirji, ciki, ƙwaƙwalwa da laka, ƙashi da gaɓoɓi, mama, yara, fannin nukiliya, da sashen da ake shiga jiki da allura ko siririn bututu ana kallon hoto yana jagora.

Hukumomi biyu ke sa ido a kan wannan horo. Ta farko ita ce majalisar da ke tantance shirye-shiryen horar da likitoci, wadda ake taƙaita sunanta da ACGME. Ta biyu ita ce hukumar jarrabawar likitocin hoto, watau ABR. A lokacin da annoba ta zo, majalisar ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai karanta kafin ya gama, alal misali hoton ƙirji 1,900, da siti-sikan na ciki da ƙugu 600, da hoton mama 300, da aikin ɗebo tsoka ko zuƙe ruwa da allura sau 25. Hikimar waɗannan alƙaluma a fili take. Ido ba ya gane abin da ya kauce wa daidai sai ya ƙoshi da ganin daidai, kuma ƙari ɗan ƙarami da ya ɓuya a bayan haƙarƙari ba ya bayyana sai ga wanda ya ga dubban ƙiraza masu lafiya. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ita ke sa allura ginin rijiya.

Ginshiƙi na biyu shi ne zaman bita. Da safe ɗalibi zai zauna a ɗakin karatun hoto, wanda akan rage wa haske, ya buɗe hotunan da suka shigo a kwamfuta, ya rubuta abin da ya gani. Bayan 'yan sa'o'i malami zai jawo kujera ya zauna kusa da shi, su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya, yana nuni da yatsa, yana gyara lafazin rahoto. Tsarin ya yi kama da na makarantar zaure, inda almajiri ke jan baƙi a gaban malam, malam na tsayar da shi inda ya karkace. A irin wannan zama ɗalibi ke koyon abin da ba ya cikin littafi: inda idon gwani ke fara sauka, da lokacin da ya kamata a ajiye rubutu a buga wa likitan tiyata waya nan take. Sai ɗalibi ya cika wata 12 a wannan hali ake yarda ya kwana a asibiti yana karanta hotunan gaggawa ba malami a gefensa.

3.0 Saukar Annoba

Da farko an zaci aikin sashen hoto zai ninka, tun da korona cuta ce ta huhu, huhu kuwa da hoto ake duba shi. A siti-sikan cutar takan bayyana kamar hazo ya sauka a gefe-gefen huhu biyu, musamman ta ƙasa, ana hango jijiyoyi dushi-dushi ta cikinsa. A lardin Hubei na Sin, inda kayan gwajin majina suka yi ƙaranci, hukuma ta taɓa shigar da waɗanda aka gane cutarsu ta alamomi da hoton huhu cikin lissafi, abin da ya sa a ranar 13 ga Fabrairu, 2020, aka sanar da sababbin masu cutar 14,840 a tashi ɗaya.

Amurka ba ta bi wannan hanya ba. Ranar 11 ga Maris, 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, ƙungiyar likitocin hoto ta ƙasar, ACR, ta ba da shawarar kada a mai da siti-sikan ma'aunin farko na gano korona. Dalilanta su ne, wannan hazo ana ganin irinsa a mura mai tsanani da wasu cututtukan huhu, kuma mutum na iya ɗauke da cutar alhali hotonsa bai nuna kome ba. Daɗin daɗawa, duk sa'ad da mai cutar ya shiga ɗakin na'ura sai an tsaya an tsabtace shi kafin wani ya shiga. Aka fi son a gangara da ƙaramar na'urar eksire zuwa gadon majiyyaci. A wasu asibitoci ma ta bayan gilashin ƙofa ake ɗaukar hoton, don a rage shiga ɗaki da ɓarnar kayan kariya.

Mako guda bayan haka, ranar 18 ga Maris, hukumar tarayya mai kula da inshorar lafiya ta tsofaffi da marasa galihu ta nemi a ɗage duk wata tiyata da aikin asibiti da ba na gaggawa ba. Jihohi suka shiga kulle, jama'a kuma suka ƙaurace wa asibiti don tsoro. Nan da nan sashen hoto ya zama kamar kasuwar da ta watse, alhali benen da ke samansa ya cika maƙil da masu fama da numfashi.

4.0 Ƙarancin Hotuna

An auna girman wannan koma-baya a rukunin asibitocin Northwell, mafi girma a jihar Niyok, inda annobar ta fi tsanani a farkonta. Binciken da aka buga a mujallar ACR a 2020 ya kwatanta makonni 16 na farkon shekarar da takwarorinsu na 2019. A makonni bakwai na ƙarshe, watau daga farkon Maris zuwa tsakiyar Afrilu, jimillar hotuna ta ragu da kashi 28 cikin 100. A mako na 16 kuwa, hotunan masu zuwa daga gida sun ragu da kashi 88 cikin 100, na sashen gaggawa da kashi 46, na waɗanda ke kwance da kashi 4 kacal. Idan aka bi na'ura-na'ura, hoton mama ya faɗi da kashi 94, fannin nukiliya da 85, em-ar-ai da 74, sikanin da 64, siti-sikan da 46, eksire da 22.

Waɗannan alƙaluma suna nuna illa iri biyu ga ɗalibi. Ta farko ita ce ta yawa. Wanda zagayensa ya faɗo a sashen mama a watan Afrilu na 2020, inda a da ake ɗaukar hoto 100 sai ya tarar da 6, kuma zagayen mako huɗu ne, in ya wuce ya wuce. Ta biyu ita ce ta iri. Abin da ya rage yana shigowa galibi hoton ƙirji ne na masu cuta guda, ana maimaita shi a kan mutum guda. Ɗalibi ya ƙware a gane korona da duba ko bututun numfashi ya zauna daidai, amma ƙarin hanta da yagewar jijiyar gwiwa da sauran abubuwan da zai yi shekara talatin yana cin karo da su sun yi masa nisa.

Wasu ƙa'idojin ma ba na majalisa ba ne, na gwamnatin tarayya ne. A ƙarƙashin dokar ingancin hoton mama ta 1992, ba a yarda likita ya karanta irin wannan hoto shi kaɗai ba sai ya karanta 240 cikin wata shida a ƙarƙashin kulawar malami. Haka kuma hukumar kula da makamashin nukiliya ta wajabta horon sa'a 700 kafin a ba likita izinin amfani da sinadaran da ake sa wa majiyyaci a jiki don ɗaukar hoto. Ɗaliban shekarar ƙarshe, waɗanda za su fita a ƙarshen Yuni, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin da yawa sun bar cikon waɗannan sharuɗɗa sai watannin ƙarshe.

5.0 Rabuwar Malami da Ɗalibi

Ɗakin karatun hoto wuri ne rufaffe, galibi ba taga, mutane na zaune kafaɗa da kafaɗa suna amfani da madannai da na'urar magana guda. Da aka ba da umurnin a bar tazarar ƙafa shida tsakanin mutum da mutum, sai zaman bita ya gagara. Sassa da yawa suka raba ma'aikatansu gida biyu, rukuni guda na asibiti, guda na gida, suna musanya mako-mako, domin idan cuta ta kama mutum ɗaya kada a killace sashen baki ɗaya. Wannan dabara tana da tarihi, domin asibitocin Singafo sun koye ta tun annobar SARS ta 2003, wadda ta kama mutum 238 a ƙasar, ta kashe 33, kuma ma'aikatan asibiti na cikin waɗanda ta fi kamawa.

Malamai da dama, musamman masu manyan shekaru da cutar ta fi yi wa barazana, aka kafa musu kwamfutar aiki a gida. Bita ta koma ta waya da manhajoji irin su Zoom, malami na ganin allon ɗalibi daga nesa. Da babu gara ba daɗi, amma abubuwa da yawa sun salwanta a hanya. Malamin da ke zaune kusa yana ganin inda ɗalibi ya yi turus, yana gane ruɗewa a fuskarsa tun bai furta ba. Ta waya kuwa, shiru na iya zama fahimta, yana iya zama kunyar tambaya. Wani lokaci ma malami kan gyara rahoton ya sa hannu kawai, ɗalibi ya ga gyaran daga baya bai san dalilinsa ba. Har wa yau an rasa ilmin da ake tsinta a iska, watau wanda ɗalibi ke samu idan ya ji ana tattauna wani hoto mai wuya a teburin maƙwabcinsa, ko likitocin tiyata sun shigo neman shawara.

Aikin hannu ya fi kowane shan wahala. Riƙe kan na'urar sikanin, da saita allura ta nufi ƙari ba ta huda jijiya ba, da tura bututu cikin hanyar jini, duk ba a koyonsu ta allo. Saboda ƙarancin takunkumi da rigunan kariya a watannin farko, sassa da yawa suka rage yawan masu shiga ɗakin aiki, kuma wanda ake fara cewa ya tsaya a waje shi ne mai koyo.

Ɗaliban shekarar farko suna da tasu damuwar. A watan Yuli na 2020 ne za su cika wata 12 su fara kwanan asibiti su kaɗai, ga shi watanni uku ko huɗu na ƙarshen shirinsu sun tafi a cikin kulle. Wanda zai yanke hukunci da ƙarfe uku na dare ko akwai jini a ƙwaƙwalwar wanda ya yi haɗarin mota, shi ne wanda aka taƙaita wa bita.

6.0 Tura Ɗalibai Bakin Daga

A watan Maris na 2020 majalisar ACGME ta fito da tsari mai hawa uku. Asibitin da marasa lafiya suka fi ƙarfinsa yana iya ayyana hawa na uku, watau halin gaggawa na annoba, na tsawon kwana 30, da damar sabuntawa. A wannan hali akan jingine yawancin ƙa'idojin horo, a tura ɗalibi duk inda ake bukatarsa. Amma ba a ɗage wasu sharuɗɗa ba: tilas a ba shi kayan kariya da horon amfani da su, a sa masa mai kula da aikinsa, kuma kada aikinsa ya wuce sa'a 80 a mako.

A birnin Niyok da wasu wurare aka tura ɗaliban hoto ɗakunan jinya da sashen kulawa ta musamman. Waɗanda ba su daɗe da gama shekarar aikin gama-gari ba su aka fi ɗauka, tun da ba su manta duba majiyyaci da rubuta magani ba. Masu gwanintar allura kuwa aka haɗa su ƙungiya-ƙungiya suna zagaya gadaje suna sa bututu a manyan jijiyoyi, don su sauƙaƙa wa likitocin da ke fama da na'urorin numfashi. Wasu aka ba su aikin buga wa iyalai waya, tun da an hana ziyara.

Wannan hidima abin yabo ce, kuma ta tuna wa jama'a cewa likitan hoto likita ne tun kafin ya zama mai karatun hoto. Duk da haka, kowane mako da aka yi a can an cire shi ne daga shekara huɗun da aka ƙayyade. Ga kuma fargabar kai cuta gida, da rufe makarantun yara da ya bar masu iyali ba mai reno, da ganin mutuwa da yawan da mai wannan fanni bai saba gani ba.

7.0 Jarrabawa da Taruka

Babbar jarrabawar ABR, wadda ta haɗa dukan sassan jiki da ilmin fizis na na'urori, ana yin ta ne bayan wata 36 na horo, watau a ƙarshen shekara ta uku. Kafin annoba sai ɗalibi ya yi tattaki zuwa ɗaya daga cibiyoyi biyu, Shikago ko Tucson. A 2020 aka ɗage ta daga farkon bazara zuwa Nuwamba, sa'an nan aka sake ɗage ta zuwa Fabrairu na 2021, inda aka yi ta daga nesa ta kwamfuta. Jinkirin kusan wata takwas ke nan. Illarsa ita ce, shekara ta huɗu an tsara ta ne don ɗalibi ya zurfafa a ɓangaren da ya zaɓa, hankalinsa kwance, sai ga shi ya shafe fiye da rabinta yana bitar jarrabawar da ba ta da tabbatacciyar rana. Jadawalin kwanan asibiti ma ya rikice, domin an saba sauƙaƙa wa masu shirin jarrabawa, ga aji biyu sun taru suna shiri kusan lokaci guda.

Kwas ɗin mako huɗu da ake yi a Silver Spring ta jihar Maryland, inda ɗalibai ke koyon danganta abin da hoto ya nuna da abin da ake gani a tsoka ƙarƙashin madubin likita, shi ma ya koma intanet. Haka babban taron shekara-shekara na ƙungiyar RSNA a Shikago, wanda kafin annoba kan tara fiye da mutum 50,000, a 2020 ba wanda ya taka zaurensa. A irin waɗannan taruka ne ɗalibi ke gabatar da bincikensa, ya sadu da waɗanda za su ɗauke shi aiki. Ganawar ɗaukar sababbin ɗalibai ta kakar 2020 zuwa 2021 ita ma ta allo aka yi ta, mutum ya zaɓi asibitin da zai yi shekara huɗu bai taɓa ganin ƙofarsa ba.

8.0 Dabarun da Aka Ɓullo da Su

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ya taimaki wannan fanni shi ne, tun kafin annoba hotuna sun bar fim sun koma rumbun kwamfuta, saboda haka kowane babban asibiti na da taskar shekaru. A asibitin Jami'ar Niyok malamai suka tsamo tsofaffin hotuna daga wannan taska, suka jera su tamkar aikin yini, masu lafiya da masu cuta a cakuɗe, ɗalibi ya karanta ya rubuta rahoto, sa'an nan a yi bita da malami kamar yadda aka saba. Wasu sassa suka kwaikwayi tsarin. Fa'idarsa ita ce malami na iya tabbatar da cewa kowane ɗalibi ya ga cututtukan da ya wajaba ya gani, maimakon a bar abin ga sa'a. Rauninsa kuwa shi ne, ɗalibi ya san ba ran kowa a hannunsa, kuma nauyin amana na cikin abin da ke kaifafa ido.

Hukumomi ma sun sassauta. An yarda masu fita a 2020 su cika adadin hoton mama da tsofaffin hotuna, muddin ba a nuna musu sakamakon ba kafin su karanta. An kuma bar wa shugaban shirin horo da kwamitinsa hukuncin ko ɗalibi ya isa a yaye shi, ko da bai cika wasu alƙaluma ba. Laccoci suka koma intanet, har gwanin da ke wata jami'a ya riƙa koyar da ɗaliban asibitoci da yawa a zama ɗaya, abin da ya amfani ƙananan shirye-shirye da ba su da malami a kowane ɓangare.

9.0 Abin da Ya Wanzu

Daga tsakiyar 2020 hotuna suka fara dawowa, har aiki ya taru saboda waɗanda suka jinkirta zuwa asibiti. Amma annobar ba ta saki fannin nan da nan ba. A 2022, kullen da aka yi a birnin Shanghai ya tsayar da masana'antar kamfanin GE Healthcare mai yin ruwan da ake ɗura wa majiyyaci a jijiya don hoton siti-sikan ya fito sosai. Asibitocin Amurka suka yi makonni suna tsimin wannan ruwa, ana ɗage wasu hotuna, ana sauya wasu da wata na'ura. Sai ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa, Amurka kuma ta janye nata ranar 11 ga watan.

Wasu sauye-sauyen sun zauna daram. Jarrabawar ABR ba ta koma Shikago da Tucson ba, kuma da hukumar ta sanar a 2023 cewa za ta dawo da jarrabawar baka daga 2028, ta ce ita ma daga nesa za a yi ta. Ganawar ɗaukar ɗalibai ta allo ta ci gaba a sassa da yawa, saboda ta rage wa masu nema kuɗin jirgi da masauki. Wanda ya fi jawo muhawara shi ne aikin malamai daga gida. Malamin da ya ɗanɗana shi ba ya son saki, asibitin da ke neman ma'aikata kuma ba ya son ya hana, alhali ɗalibin da ke zaune a ɗakin karatu yana bukatar wanda zai juya ya tambaya.

10.0 Kammalawa

An ga yadda annobar korona ta rage hotunan da ɗalibi ke koyo da su, ta raba shi da malaminsa, ta ɗauke shi zuwa wani aiki, ta kuma jinkirta jarrabawarsa. An ga kuma cewa horon ya kasu kashi biyu. Lacca da jarrabawa da taro sun bi waya sun isa inda ake so, wasunsu ma sun fi da sauƙi. Aikin hannu da zaman bita kuwa sun raunana da zarar an raba mutum biyun da ke yin su.

Darasin da ke nan ya shafi duk ƙasar da ke horar da likitoci ta hanyar zama da gwani. Sassan da suka fi jure wa girgizar su ne waɗanda tun da farko suke da taskar hotuna a tsare, da hanyar sadarwa mai ƙarfi, da malaman da suka ɗauki koyarwa wajibi ko da aiki ya yi yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata kowane sashen hoto ya tanadi jerin hotunan koyarwa tun ana zaune lafiya, ya rubuta yadda zai raba ma'aikata idan wata annoba ta zo, ya kuma ajiye kayan kariya da lissafin ɗalibi a ciki, domin wanda aka bari a bakin ƙofa yau shi za a kira ya riƙe allurar bayan shekara biyu.